Masu Sharhi Sun Yabi Fim Ɗin Libarachi, Amma Ina Matan Da Suka Cika Masa Zaure?

Yau zan ɗauke ku mu tafi can ƙasar Amurka, mu duba wani fim da aka yi a kan rayuwar wani makaɗi, mu kuma ji abin da masu sharhi a jaridu suka faɗa game da fim ɗin. Kada wata ta ce ina ruwan biri da gada. Ku yi haƙuri ku biyo ni, domin mata ne suka ɗaukaka makaɗin nan, kuɗin mata ne ya saya masa gidaje da motoci, amma da aka tashi ba da labarinsa sai aka bar su can cikin duhun zaure, aka nuna su kamar waɗanda ba su san dama da hagu ba.

Sunan makaɗin Liberace, ana faɗinsa Libarachi. An haife shi a 1919 a jihar Wisconsin, ubansa Ba'italiye ne, uwarsa kuma asalinta daga ƙasar Folan. Tun yana ɗan shekara 4 ya fara taɓa fiyano, kuma yana da shekara 20 ya yi wasa tare da babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Chicago, abin da ba kowane gwani yake samu ba. Sai dai ya lura kiɗan manyan malamai ba ya kawo taro. Saboda haka ya riƙa gutsuro wuraren da suka fi daɗi a cikinsa, ya haɗa da waƙoƙin da jama'a suka sani, ya ɗora alkukin kyandir mai rassa a kan fiyanonsa, yana kiɗa yana murmushi yana hira da masu kallo. Da talabijin ta shiga gidajen Amurka, shirinsa ya fara a 1952, nan da nan ya zama ɗan gida. A 1955 wani otal a Las Vegas yana biyansa dala 50,000 a mako guda.

Adonsa kuwa sai wanda ya gani. Alkyabbu na gashin dabbobi masu jan ƙasa, riguna da aka lulluɓe da duwatsu masu ƙyalli, zobba a yatsu har da mai siffar fiyano. A kan shigo da shi kan dandamali a cikin motar Rolls-Royce da aka manne wa madubai tun daga kai har gindi. Akasarin waɗanda ke sayen tikiti su cika masa zaure kuwa mata ne, matan aure da iyaye da kakanni.

To, masu sharhin kiɗa na wancan zamani sun tsane shi tsana mai tsanani. Sun ce ya lalata kiɗan manya, sun ce wasan yara yake yi, sun haɗa har da matan da ke sonsa sun yi musu ba'a. Shi kuma amsarsa ɗaya ce, wai maganganunsu suna ƙona masa rai har yakan yi ta kuka a kan hanyarsa ta zuwa banki. A 1956 da ya kai ziyara Ingila, wani marubuci a jaridar Daily Mirror mai suna William Connor ya zazzaga masa baƙaƙen maganganu, a ciki har da habaicin cewa shi ba namiji ba ne kamar sauran maza. Libarachi ya kai ƙara Landan. A 1959 ya tsaya gaban alƙali ya yi rantsuwa cewa shi ba mai neman maza ba ne, kotu ta ba shi gaskiya, jaridar ta biya shi fam 8,000. Ku tuna a lokacin nan wannan abu laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa a Ingila, sai a 1967 aka sauya dokar. Rantsuwar nan ta ƙarya ce, kuma a kanta ya zauna har ƙarshen ransa. Da ya fara ramewa sai mutanensa suka ce ai kankana zalla yake ci don rage ƙiba. Ya mutu ran 4 ga Fabrairu 1987 yana da shekara 67, likitansa ya rubuta ciwon zuciya, amma jami'in binciken gawa ya ƙi yarda, ya sa aka duba, aka tarar cutar ƙanjamau ce.

Na san matsayin addininmu da al'adarmu a kan irin wannan rayuwa, kowace cikinku ta sani, ba kuwa shi na zo tattaunawa yau ba. Sai dai a matsayina na malamar makaranta zan faɗa tun yanzu, fim ɗin nan na manya ne, akwai wuraren da ba su dace da idon yara ba.

Fim ɗin sunansa Behind the Candelabra, watau abin da ke bayan alkukin kyandir. An ɗauko shi daga littafin da wani mai suna Scott Thorson ya fitar a 1988. Shi Thorson yaro ne da ya taso a hannun riƙo, daga wannan gida zuwa wancan. Ya haɗu da Libarachi bai ko kai shekara 20 ba, makaɗin kuwa ya girme shi da shekara 40. Aka ɗauke shi aka kai shi gida, aka saya masa sutura da zinariya da mota, shi ne ma yake tuƙo motar madubin nan zuwa kan dandamali. Har ta kai Libarachi ya kira likita, ya nuna masa hotonsa na lokacin ƙuruciya, ya ce a yi wa yaron aikin fiɗa a fuska don ya yi kama da shi. Likitan nan kuma ya ɗora yaron a kan ƙwayoyin rage ƙiba, daga nan shaye-shaye ya kama shi. Bayan kamar shekara 5 aka sami wani sabon yaro, aka kore shi. A 1982 ya kai ƙara yana neman dala miliyan 113, yana cewa an yi masa alkawarin za a riƙe shi har abada. Kotu ta watsar da yawancin ƙarar, a 1986 aka sasanta a kan dala 95,000.

Wanda ya shirya fim ɗin, Steven Soderbergh, ba ƙaramin mutum ba ne a Holiwud. Ya samu manyan 'yan wasa biyu, Michael Douglas ya fito a Libarachi, Matt Damon ya fito a Thorson. Duk da haka ya ce ya zagaya manyan kamfanonin fim kaf, kowanne ya ƙi sa kuɗinsa, wai zancen neman maza ya yi yawa a ciki, ba za a samu masu kallo ba. A cikin haka kuma ciwon daji ya kama Douglas a 2010, aka jira shi ya warke. Daga ƙarshe gidan talabijin na HBO ya ɗauki nauyin aikin, aka kashe wajen dala miliyan 23.

Da fim ya fito sai waɗanda suka ƙi shi suka ji kunya. An fara nuna shi ran 21 ga Mayu 2013 a bikin finafinai na Cannes a Faransa, inda ya shiga takarar babbar kyauta, ko da yake bai ci ba. Bayan kwana 5 aka sa shi a talabijin a Amurka, mutum miliyan 2.4 suka kalla a nunin farko, rabon da wani fim na HBO ya tara jama'a haka tun 2004. A Ingila kuwa a gidajen silima aka nuna shi. Shafin intanet na Rotten Tomatoes, wanda ke ƙidaya ra'ayin masu sharhi, ya nuna fiye da 90 cikin 100 sun yaba. Peter Bradshaw na jaridar Guardian ya ba shi taurari 4 cikin 5, ya kwatanta shi da wasan ban dariya mai ɗaci, wanda ke nuna kaɗaicin mutumin da ya yi suna. A bikin kyaututtukan Emmy na talabijin an sa sunansa a wuri 15, ya kwashe 11, har da ta gwarzon ɗan wasa ga Douglas da ta mai shiryawa ga Soderbergh. Ya ƙara da kyautar Golden Globe guda 2. Oscar ce kawai bai shiga ba, domin ƙa'idarta sai fim ya fara fitowa a silima a Amurka. Masu sharhi da yawa sun ce da ba don wannan ƙa'ida ba, da sunan Douglas ya shiga takara.

Me suka yaba? Da farko dai Douglas. Mutum ne da aka saba gani a matsayin attajiri mai taurin kai ko mai bin mata, sai ga shi da hular gashi da murya ta hanci mai laushi, yana da shekara 68, bai daɗe da tashi daga jinya ba. Sun ce bai mai da Libarachi abin dariya ba, ya nuna shi mai kyauta da fara'a, kuma mai son kansa da mugun iko, duk a jiki ɗaya. Akwai wurin da ya cire hular gashin, sanƙonsa ya bayyana, ya koma tsoho kamar kowane tsoho. Sun yabi Damon, wasu ma suka ce aikinsa ya fi wuya tun da shi ba shi da alkyabbar da zai ɓuya a ciki. Rob Lowe kuwa, wanda ya fito a likitan gyaran fuska, da fuskarsa a ɗame har idanunsa ba sa buɗewa sosai, kusan kowane mai sharhi sai da ya ambace shi. Mai ɗinkin kayan fim ɗin, Ellen Mirojnick, ita ma ta samu tata kyautar, kuma duk macen da ta taɓa riƙe allura ta san ta cancanta.

Amma abin da suka fi nanatawa shi ne wai wannan fim labarin zaman aure ne. Sun ce idan aka kau da kai daga ƙyalƙyalin, abin da ya rage mutum biyu ne a ɗaki suna kallon talabijin, suna ƙiba tare, suna gardama a kan fita da rashin fita, har soyayya ta huce. Lokacin ma ya taimaka wa wannan fassara, domin a shekarar ana ta muhawarar auren jinsi a Amurka, kuma wata ɗaya bayan fitowar fim ɗin, ran 26 ga Yuni 2013, Kotun Ƙoli ta soke wani sashe na dokar tarayya da ta hana gwamnati amincewa da irin wannan aure. Don haka masu sharhi suka kalli Thorson a matsayin wanda ya yi zaman gida na shekaru ba tare da wata takarda da za ta kare shi ba.

A nan, 'yan uwa, ni sai na ga masu sharhin sun yi sassauci da yawa. Zaman da aka nuna na mai gida ne da abin hannunsa. Ɗaya yana da kuɗi da suna da lauyoyi da masu gadi, ɗayan ko fuskarsa ba tasa ba ce. Akwai wani wuri a fim ɗin da kowace mace za ta gane ba sai an yi mata bayani ba. Ranar da aka fara kawo Thorson ɗakin shiryawar Libarachi, akwai wani saurayi zaune a gefe yana cin abinci, ya ɗaure fuska, ba wanda ya kula shi. Shi ne na da. Bayan shekaru sai ga Thorson zaune a gefe yana cin abinci da ɗaurarriyar fuska, ana ta fara'a da wani sabon yaro. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Wannan wuri shi ne mafi gaskiya a fim ɗin duka, kuma Soderbergh bai sa kowa ya yi dogon jawabi a kai ba, ya bar ido ya gani.

Ba kowa ne ya yaba ba. Wasu sun ce Damon yana da shekara 42, yaya za a ce shi ne yaron da bai kai 20 ba? Wannan magana tana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin da an sa yaro na gaske kusa da tsohon nan, da masu kallo ba su yi dariya sosai ba, da kuma ba a yi saurin kiran abin zaman aure ba. Wasu sun ce an yi fim na kusan awa 2 a kan makaɗi amma kiɗan kaɗan ne, ba a nuna yadda ya yi ya riƙe jama'a fiye da shekara 30 ba. Hannuwan da ake gani a kan fiyano ma na wani makaɗi ne, Philip Fortenberry, aka ɗora kan Douglas da na'ura. Wasu kuma suka tuna wa jama'a cewa labarin nan daga bakin mutum ɗaya ya fito, mutumin da aka kora, wanda ya rubuta littafinsa bayan mai kare kansa ya shiga ƙasa. A shekarar da fim ya fito ma Thorson yana gaban kotu a jihar Nevada a kan amfani da katin banki na sata, a 2014 aka yanke masa ɗaurin shekara 8 zuwa 20. Wannan bai nuna ƙarya ya yi a littafinsa ba, fuskar da aka sauya masa ai kowa ya gani. Amma ko a makaranta idan yara biyu suka yi faɗa, ba na yanke hukunci sai na ji ta bakin kowanne.

Ga nawa ƙorafin, wanda ya fi damuna. A farkon fim, Thorson yana zaune cikin zaure tare da abokin da ya kawo shi, kewaye da mata masu furfura suna tafi. Ya yi mamakin yadda irin waɗannan mutane suke son wasa irin wannan, sai abokin ya ce masa ai ba su san komai game da shi ba. Daga nan aka wuce. An gama da mata ke nan. Miliyoyin mutane aka tattara a jimla ɗaya aka ce makafi ne, mu kuma masu kallo a yau aka gayyace mu mu yi musu dariya.

Ni ban yarda ba. Macen da ta yi shekara 30 a ɗakin miji, ta goyi 'ya'ya, ta aurar, ita ce za a ce ba ta iya karanta namiji ba? Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Babu shakka akwai waɗanda suka gaskata labaran da ake bazawa, wai yana neman wance, wai bai samu mace kamar uwarsa ba shi ya sa bai yi aure ba. Masu kula da harkarsa sun yi aiki sosai a kan wannan. 'Yar wasan nan Betty White ta faɗa da bakinta a 2011 cewa akan haɗa ta da shi su fita taro don a rufe bakin mutane. Amma a ganina da yawa sun gane, sun dai ga ba shi ne ya kawo su ba. Mu mata mun san irin wannan shiru. Sau nawa ake sanin abu a gida, kowa ya sani, ba mai furtawa, a ci gaba da zumunci?

Abin da ya kawo su shi ne abin da fim ɗin bai tsaya ya duba ba. Ku ɗauki matar gida a Amurka a shekarun 1950, miji ya fita aiki, yara suna makaranta, ita da wanke-wanke. Ta kunna talabijin sai ga namiji cikin tsabta yana kallon cikin idonta yana magana a hankali, yana gode mata, yana girmama uwarsa a gaban duniya, yana gabatar da wansa George mai goge. Kiɗan da aka ce na masu ilmi ne, na masu kuɗi ne, ya kawo mata shi har ɗaki ba tare da ya sa ta ji ita jahila ce ba. A zaure kuma yakan matso bakin dandamali ya miƙa wa na sahun gaba hannunsa su duba zobban, ya ce su duba da kyau ai su suka saya. Ya san masu ciyar da shi, bai taɓa raina su ba. Masu sharhin 1950 sun raina matan nan don suna son kiɗan da bai kai ba. Fim ɗin 2013 ya raina su don wai ba su gane ba. Ra'ayi game da Libarachi ya juya gaba ɗaya a cikin shekara 60, ra'ayi game da matan bai motsa ba.

Mace ɗaya ce tak take da matsayi na kirki a fim ɗin, uwarsa Frances, wadda ta rasu a 1980. Debbie Reynolds ce ta fito a matsayinta, tana da shekara 80 da 'yan kai, an sauya mata hanci da murya har mutane da yawa ba su gane ta ba. Ita kuwa ta san Libarachi da uwar tasa a zahiri, sun yi zamani tare a Las Vegas. Masu sharhi sun yabe ta, amma fitowarta kaɗan ce, kuma an nuna tsohuwar tana zaune gaban na'urar caca tana neman ɗanta ya biya ta abin da ta ci.

Kamfanonin da suka ƙi fim ɗin sun koyi lissafi daga baya. A 2018 aka yi Bohemian Rhapsody a kan mawaƙi Freddie Mercury, masu sharhi suka rabu biyu a kansa, amma ya tara fiye da dala miliyan 900, ya ci Oscar 4. A 2019 aka yi Rocketman a kan Elton John, wanda shi ma da fiyano da kayan ƙyalli ya yi suna. Waɗannan biyun sun cika da waƙa, an nuna masu kallo suna rawa suna kuka, domin masoyan mawaƙan suna raye kuma su ne za su sayi tikiti.

Matan Libarachi kuwa ba su samu wannan ba. Wasansa na ƙarshe ya yi shi ne ran 2 ga Nuwamba 1986 a babban zauren Radio City da ke New York, jikinsa duk ya zube. Wadda take da shekara 60 a wannan dare, da ta kai fitowar fim ɗin da tana da 87. Thorson ya mutu a watan Agusta 2024 yana da shekara 65, an yi ta hira da shi a jaridu da talabijin, ya faɗi nasa son ransa. Gidan tarihin da Libarachi ya buɗe a Las Vegas a 1979, inda aka jera alkyabbun da motocin da fiyanonin, ya daɗe yana cika da tsofaffin mata da ake saukewa daga motocin safa. Da ƙafarsu ta ɗauke, kuɗin shiga ya kasa riƙe wurin, aka rufe shi a watan Oktoba 2010, shekara 2 da rabi kafin a nuna fim ɗin.